Janar Murtala Ramat Muhammad: Rayuwarsa da abin da lambar W114 ke nunawa kan Marsandin da aka kashe shi a ciki

A gidan adana kayan tarihi na ƙasa da ke Onikan a Legas akwai wata baƙar mota ƙirar Mercedes-Benz, wadda Hausawa ke kira Marsandi, jikinta duk hujin harsasai. A cikinta aka harbe shugaban mulkin soja na Najeriya, Janar Murtala Ramat Muhammad, da safiyar Juma'a 13 ga Fabrairun 1976, yana da shekara 37 a duniya.

Sunan motar a kasuwa shi ne 230.6. Amma kamfanin da ya ƙera ta a Jamus yana da sunan da yake kiranta da shi a cikin gida, wato W114. Wanda ya iya karanta wannan lamba zai gane matsayin motar a cikin danginta, zai kuma gane cewa shugaban ƙasar da ta fi kowace yawan jama'a a Afirka, a lokacin da kuɗin man fetur ke kwarara, yana hawa motar da ba ta kai ta manyan attajiran Legas ba. An daɗe ana ba da labarin sauƙin kan Murtala da baki. Lambar motarsa na cikin 'yan hujjojin da kowa zai iya bincikawa da kansa.

Daga Kurawa zuwa Sandhurst

An haifi Murtala ranar 8 ga Nuwamban 1938 a unguwar Kurawa da ke cikin birnin Kano. Ya yi karatun allo, ya yi firamare a Cikin Gida da Gidan Makama, sannan ya shiga makarantar Midil ta Kano, wadda yau ake kira Kwalejin Rumfa. Daga nan ya wuce Kwalejin Gwamnati ta Zariya, wato Barewa, ya kammala a 1957. Yakubu Gowon, wanda Murtala zai gada daga baya, shi ma a nan ya yi karatu, yana gaba da shi da 'yan shekaru.

Ya shiga aikin soja a 1958. An fara horar da shi a Teshie ta ƙasar Ghana, daga bisani aka tura shi makarantar horar da hafsoshi ta Sandhurst a Ingila. Ya zama cikakken hafsa a 1961, aka sa shi a sashen sadarwa na soja, ya ƙaro ilimin wannan fanni a Catterick, ita ma a Ingila. Ya je Kwango cikin dakarun kiyaye zaman lafiya na Majalisar Ɗinkin Duniya, kuma a 1962 ya zama dogarin Dokta Moses Majekodunmi, wanda aka naɗa ya riƙe Jihar Yamma lokacin dokar ta-ɓaci. A 1963 ya auri Ajoke, Bayarabiya.

Tun yana ƙaramin hafsa an san shi da zafin zuciya da saurin yanke hukunci. Wannan hali ne ya ɗaga shi, shi ne kuma ya jawo mafi yawan abubuwan da ake zarginsa da su.

Shekarar 1966 da yaƙin basasa

Juyin mulkin 15 ga Janairun 1966 ya yi sanadin mutuwar Firaminista Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Sardaunan Sakkwato Ahmadu Bello, da manyan hafsoshin Arewa irin su Birgediya Zakariya Maimalari. Murtala na cikin jagororin hafsoshin Arewa da suka mayar da martani ranar 29 ga Yulin wannan shekara, inda aka kashe Janar Aguiyi-Ironsi da sojoji da dama 'yan ƙabilar Ibo. Mulki ya faɗa hannun Gowon, kuma tun daga lokacin dangantakar mutanen biyu ba ta taɓa zama lafiya ƙalau ba.

Da yaƙin basasa ya ɓarke a 1967, dakarun Biyafara suka mamaye Jihar Yamma ta Tsakiya suka doshi Legas. Aka ɗora wa Murtala alhakin haɗa Runduna ta Biyu cikin gaggawa. Ya kore su, ya ƙwace Benin a watan Satumba. Wannan nasara ta sa sunansa ya zagaye ƙasar.

Abin da ya biyo baya shi ne tabo mafi muni a tarihinsa. A farkon Oktoban 1967 sojojin rundunarsa sun kashe ɗaruruwan fararen hula maza da samari a garin Asaba, lamarin da har yau mutanen garin ke juyayinsa duk shekara. Bayan haka ya dage sai ya tsallaka Kogin Neja ta ruwa don kama Onitsha, duk da shawarar da hedikwatar soja ta ba shi cewa ya zagaya ta tudu. An gwada fiye da sau ɗaya, an yi asarar sojoji masu yawa. Sai a Maris na 1968 garin ya faɗo hannunsa, kuma a ƙarshen wannan wata aka yi wa dogon ayarin motocin rundunarsa kwanton ɓauna a Abagana, aka ƙone shi ƙurmus. Bai daɗe ba ya bar fagen daga.

Ya koma shugabancin sashen sadarwa na soja, ya zama Birgediya a 1971, sannan a Agustan 1974 Gowon ya naɗa shi Kwamishinan Sadarwa na Tarayya, muƙamin da yake daidai da minista a yau.

Kwana 200 a kan mulki

Ranar 29 ga Yulin 1975, Gowon na halartar taron Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka a Kampala ta Yuganda, Kanal Joe Garba ya sanar a rediyo cewa an kifar da gwamnatinsa. Ba a zubar da jini ba. Hafsoshin da suka shirya juyin suka miƙa wa Murtala ragama, Olusegun Obasanjo ya zama na biyu, Theophilus Ɗanjuma ya zama shugaban sojan ƙasa.

Ƙasar da ya karɓa tana iyo cikin kuɗin mai. Farashin ɗanyen mai ya ninka bayan rikicin Gabas ta Tsakiya na 1973, ƙarin albashin Udoji ya cika aljihun ma'aikata, kowa na rububin sayen mota da rediyo. Ɗaruruwan jiragen ruwa ɗauke da siminti sun yi cirko-cirko a gaɓar Legas watanni ba a sauke su ba, gwamnati na biyan kuɗin jira. Titunan birnin kuwa sun cushe, gosulo ya zama abincin yau da kullum.

Murtala ya shigo da gudu. Ya sauke gwamnonin jihohi 12 gaba ɗaya, binciken da aka yi ya wanke biyu kacal daga cikinsu. Ya soke ƙidayar jama'a ta 1973 da ta jawo rigima. Ya sallami ma'aikatan gwamnati sama da 10,000, ciki har da alƙalai, malaman jami'a, 'yan sanda da sojoji, har da Babban Jojin Ƙasa Taslim Elias. Talakawa sun yi murna, ma'aikata suka riƙa sammako zuwa ofis. Sai dai an kori mutane da yawa ba tare da an saurare su ba, wasu saboda ƙiyayya ko hassadar abokan aiki. Masana da dama na ganin wannan kora ce ta karya gwiwar aikin gwamnati a Najeriya, domin ma'aikaci ya koyi cewa kujerarsa ba ta da tabbas, gara ya tara abin da zai tara tun da wuri.

A Oktoban 1975 ya kafa kwamitin tsara sabon kundin tsarin mulki ƙarƙashin Rotimi Williams, ya kuma yi alkawarin miƙa mulki ga farar hula ranar 1 ga Oktoban 1979. A Nuwamba ya amince da gwamnatin MPLA a Angola, kuma ranar 11 ga Janairun 1976 ya tsaya a Addis Ababa ya yi watsi da matsin lambar da Shugaban Amurka Gerald Ford ke yi wa shugabannin Afirka kan wannan batu. Ranar 3 ga Fabrairu ya sanar da mayar da jihohi 19 daga 12, da kuma ƙaura da babban birnin tarayya daga Legas zuwa Abuja. Kwana goma kenan kafin rasuwarsa.

A duk tsawon wannan lokaci bai tare a barikin Dodan ba. Ya ci gaba da zama a gidansa na Ikoyi, yana zuwa ofis da safe ba jiniya, ba babura, ba motocin rakiya. Idan gosulo ya tsayar da jama'a, shi ma yana ciki. A nan ne batun motarsa ya shigo.

Kowace Marsandi suna biyu gare ta

Suna na farko shi ne wanda ake liƙawa a bayan but da ƙarfe mai ƙyalli, kamar 200, 230, 280 SE ko E 350. Wannan na talla ne, kuma a wancan zamani yana nuna girman inji: 230 na nufin inji mai kusan lita 2.3, 280 kuma lita 2.8. Haruffan da ke biye da shi su ma suna da ma'ana a Jamusanci. D na nufin mai shan gas, wato dizal. E na nufin injin da ke fesa fetur maimakon amfani da kafireto. L na nufin an ƙara wa motar tsawo.

Matsalar wannan suna ita ce ana maimaita shi. An yi 230 a zubin shekarun 1960, an yi a na 1970, an sake yi a na 1980, kuma babu wadda ƙofarta ko fitilarta za ta shiga ta wata.

Suna na biyu shi ne na injiniyoyi, wanda ake kira lambar shasi, shasi kuwa shi ne ƙashin bayan mota da ake ɗora inji da jiki a kansa. Harafi ɗaya ne da alƙaluma uku. W ya fito ne daga kalmar Wagen, wato mota a Jamusanci. Alƙaluman uku su ne lambar zubin gaba ɗaya. Duk motocin da suka fito daga zane ɗaya, ko da injinsu ya bambanta, lambarsu ɗaya. Idan kamfani ya yi sabon zane daga tushe, sai lamba ta canza. Shi ya sa kanikawa da masu sayar da kayan gyara suka fi riƙe wannan suna.

Zubin da motar Murtala ta fito daga cikinsa ya fara shiga kasuwa a 1968, Bafaranshe Paul Bracq ne ya jagoranci zana jikinsa. Kamfanin ya ba shi lamba biyu duk da jikin kusan iri ɗaya ne. Masu inji mai silinda shida su ne W114. Masu silinda huɗu da duk masu shan gas su ne W115. Da aka yi wa zubin kwaskwarima a 1973, aka fito da wata sabuwar 230 mai silinda huɗu, sai ya zama akwai 230 guda biyu a kasuwa. Don a bambanta su aka sa wa ɗaya 230.4, ɗaya kuma 230.6. Ke nan shidan da ke ƙarshen sunan motar Murtala adadin silinda ne, kuma shi ne ya sa ta zama W114. Wannan suna kaɗai ya isa ya nuna cewa an ƙera ta ne tsakanin 1973 da 1976.

An ƙera kusan miliyan 1.9 na W114 da W115 a haɗe. Masu shan gas ɗin su ne tasi a biranen Jamus da sauran ƙasashe. Wani direban tasi a Girka ya yi tafiyar kilomita miliyan 4.6 da tasa 240 D kafin ya miƙa ta ga gidan tarihin kamfanin a Stuttgart a 2004. Mota ce mai ƙarko da daraja, amma ta likitoci ce da manyan ma'aikata da 'yan kasuwa masu rufin asiri.

Sama da ita akwai W116, wadda ta fito a 1972, ita ce ta farko da kamfanin ya kira S-Class a hukumance. Sama da wannan kuma akwai W100, wato 600, wadda aka ƙera guda 2,677 kacal daga 1963 zuwa 1981, motar sarakuna da shugabannin ƙasashe. Idi Amin na Yuganda na cikin masu ita. A waɗannan shekaru kamfanin yana ƙera wa gwamnatoci motoci masu sulke idan sun nema. Najeriyar 1975 na da kuɗin sayen kowacce daga ciki. Shugabanta yana hawa na uku daga sama, marar sulke, wadda jikinta ɗaya da na tasin Jamus.

Safiyar 13 ga Fabrairu

Da misalin ƙarfe takwas na safe motar ta bar gida ta nufi barikin Dodan. A ciki akwai Murtala, da dogarinsa Laftanar Akintunde Akinsehinwa, da direba, da odale. Kusa da sakatariyar gwamnatin tarayya da ke Ikoyi cunkoso ya tsayar da su. Sojojin da ke laɓe a wajen wani gidan mai suka fito suka buɗe wa motar wuta. Murtala da dogarinsa da direban suka rasu, odalen ya tsira da raunuka.

Laftanar Kanal Buka Suka Dimka ya shiga gidan rediyo ya sanar da juyin mulki. Ɗanjuma ya tura Kanal Ibrahim Babangida ya ƙwato gidan rediyon, kafin yamma yunƙurin ya rushe. A wannan rana an kuma kashe gwamnan Kwara, Kanal Ibrahim Taiwo. Dimka ya tsere, aka kama shi a yankin Abakaliki a watan Maris, aka harbe shi ranar 15 ga Mayun 1976. Kafin shi an riga an harbe Kwamishinan Tsaro Manjo Janar Iliya Bisalla da wasu da dama. An kai gawar Murtala Kano aka yi mata sutura.

Tun daga lokacin ake muhawara kan tafiyarsa ba rakiya. Masu yabonsa na cewa shugaban da ya kori dubban mutane da sunan gyara dole ya fara da kansa, kuma da ya shiga motar alfarma da jerin gwano da maganarsa ba ta yi tasiri ba. Masu suka na cewa wanda ya tara abokan gaba haka, a cikin soja da wajensa, bai kamata ya bi hanya ɗaya a lokaci ɗaya kullum cikin mota mai jikin gwangwani ba, domin ransa ba nasa ba ne shi kaɗai, kuma sakacin ya jawo mutuwar wasu tare da shi. Kowane ɓangare da gaskiyarsa. Abin da ba a musu a kai shi ne shugabannin da suka biyo baya sun ɗauki darasin tsaron fiye da na sauƙin kai.

Zuriyar motar bayansa

A watan Janairun 1976, makonni kaɗan kafin harin, kamfanin ya fito da magajiyar W114, wato W123. Marsandi ce da ta yaɗu sosai a Afirka, an ƙera kusan miliyan 2.7. A ƙarshen 1984 W124 ta biyo, wadda 'yan Najeriya suka raɗa wa V-Boot saboda yankan murfin but ɗinta. A 1993, tana tsakiyar zamaninta, kamfanin ya sauya tsarin suna: harafi ya dawo gaba, ya daina nufin irin inji, ya koma nufin aji. Abin da ake kira 200 E ya zama E 200. Daga nan aka samu sunan E-Class. Sai W210 mai zagayayyun fitilu huɗu a 1995, W211 a 2002, W212 a 2009, W213 a 2016, da W214 a 2023. Duk wanda ke hawa E-Class a yau jikanyar motar Murtala yake hawa.

Layin manya kuma ya tashi daga W116 zuwa W126 a 1979, W140 a 1991, W220 a 1998, W221 a 2005, W222 a 2013, da W223 a 2020. Layin ƙanana ya faro da W201 a 1982, wato 190 da ake kira Baby Benz, sai C-Class ta gaje ta: W202 a 1993, W203 a 2000, W204 a 2007, W205 a 2014, W206 a 2021.

Akwai hanya mai sauƙi ta riƙe na baya-bayan nan. Daga shekarun 1990, motocin C suna tsakanin 202 da 206, na E suna tsakanin 210 da 214, na S kuma daga 220 zuwa 223. Ba kowace lamba a wannan tsakani ke bin ƙa'idar ba, misali 209 ta CLK ce, 219 ta CLS. A tsofaffin kuwa girman lamba ba ya nuna girman mota ko sabuntarta. W201 ta riga W124 da W140 fitowa, kuma W116 ta fi W123 girma da tsada.

Harafin farko ma yana canzawa gwargwadon siffar jiki. S na mai dogon baya ce, kamar S124. C na mai ƙofa biyu ce. A na mai buɗaɗɗen rufi ce, R na 'yar tsere mai kujera biyu, kamar R129. V na wadda aka ƙara wa tsawo, X kuma ana yawan ganinsa a kan masu tudu irin GLK, wadda lambarta X204. Injuna su ma da nasu: M na fetur, OM na gas.

Amfanin sanin lambar ga mai saye a yau

Yawancin Marsandin da ke yawo a Kano, Kaduna, Maraɗi da Damagaram na hannu ne, waɗanda suka shigo ta Legas ko Kwatano daga Turai da Amurka. Da yawa 'yan uwa mazauna waje ne ke saya su turo, ko su aiko da kuɗi a saya musu. A wannan ciniki sunan da ke bayan but ya daina faɗin gaskiyar inji. C 300 ta zubin W204 tana da silinda shida. C 300 ta zubin W205 da aka sayar a Amurka tana da silinda huɗu mai lita 2. Sunansu ɗaya, amma inji, shan mai da kayan gyara duk daban.

Akwai kuma sana'ar sauya fuska. Ana ɗaukar tsohuwar mota a canza mata fitilu, bamba da tambarin baya, ta yi kama da wadda ta fito shekaru biyar bayanta. Idan mai saye ya sani, ba laifi. Idan bai sani ba, ya biya kuɗin sabuwa ya tafi da tsohuwa. Ana iya ɓamɓare tambari da sukundireba, amma lambar da aka buga a jikin ƙarfe tana nan. A motocin da aka ƙera don kasuwar Turai, doguwar lambar mai gurbi 17 tana farawa da haruffa uku, kamar WDB ko WDD, sai alƙaluma ukun da ke biye su ne lambar zubi: WDB124 na nufin W124, WDD212 na nufin W212. A waɗanda aka ƙera don Amurka haruffa ne ke wannan wuri, amma gurbi na goma yana nuna shekarar ƙira. Ana samun lambar a ƙasan gilashin gaba, a jikin ginshiƙin ƙofa, da kuma a takardun mota, kuma ya kamata duka su zo ɗaya.

Wajen kayan gyara abin ya fi zafi ga wanda ke nesa. Mai mota a Kano zai iya komawa Kofar Ruwa ya musanya abin da bai dace ba a rana ɗaya. Wanda motarsa ta tsaya a Gure, ko a can karkarar Alakos, ya yi waya Kano ya ce a turo masa fanfon ruwa na Marsandi 230 kawai, yana iya jiran kwanaki a kawo masa na wani zubin, ga kuɗin mota ga na kaya sun tafi. Da ya karanta wa mai shagon lambar shasi tun farko, da magana ta ƙare.

Abin da ya bari

Obasanjo, wanda ya gaje shi, ya ci gaba da manufar rage almubazzaranci, gwamnatinsa ta mayar da Peugeot 504 da ake haɗawa a Kaduna motar manyan jami'ai. An sa wa filin jirgin saman Legas sunan Murtala, haka ma babban asibitin cikin birnin Kano da dandalin taro na Kaduna. Hotonsa ya hau takardar Naira 20 a 1977, kuma yana kanta har yau.

Jihohi 19 da ya ƙirƙira sun zama tushen 36 na yanzu. Abuja ta zama babban birni a aikace ranar 12 ga Disamban 1991, shekara 15 bayan sanarwarsa. Kundin da kwamitinsa ya fara tsarawa shi ne ya kawo wa Najeriya tsarin shugaba mai cikakken iko da ake bi har yanzu. A ɗaya gefen, iyalan waɗanda aka kashe a Asaba da na ma'aikatan da aka kora ba bisa ƙa'ida ba suna da nasu tarihin Murtala, kuma shi ma gaskiya ne.

Alkawarin da ya ɗauka a Oktoban 1975 ya cika a ranar da ya ambata. Ranar 1 ga Oktoban 1979 sojoji suka miƙa mulki ga Alhaji Shehu Shagari. Makonni kaɗan kafin nan, a baje kolin motoci na Frankfurt, kamfanin Mercedes-Benz ya nuna wa duniya W126, kuma ita ce ta zama motar ƙawa ta manyan 'yan siyasa da 'yan kwangilar Jamhuriya ta Biyu.